Injin da ke Kwantar da Ciyawa

A shekarun farko na mulkin kai, ina cikin masu yankan ciyawa a wani asibitin mishan da ke ƙasar Madawa. Aikinmu shi ne filin da ƙaramin jirgin likitoci ke sauka, da kewayen gidaje. Idan damina ta kankama ciyawa kan kai ƙugu, mu kuwa lauje kaɗai gare mu. Mukan jeru a duƙe tun da sanyin safiya, wasu na rera waƙar coci, wasu na amsawa da ta noma, har bayan mutum ya ƙage.

Ni dai ban taɓa ƙin aikin ba, saboda la'asar. Da rana ta yi sanyi 'yan matan ƙauyen bayan tudu kan zo da jakuna su ɗaure abin da muka yanke, su kai wa tumakinsu. A cikinsu akwai wata doguwa mai wushirya. Takan danne dami da gwiwa ɗaya, ta cije leɓe, ta ja igiya, hasken yamma na wasa a kan warwaronta. Iyakar maganarmu, in ce mata sannu da zuwa, ta ce sannu da aiki. Amma kullum ina ware mata harkiya mai laushi wadda babu ƙarangiya a ciki, in koma gida ina tuna yadda ta ɗaga ido.

Wata damina sai Baturen da ke kula da gine-gine ya kawo injuna biyu a kamyo, wato babbar motar kaya. Ya ce ɗaya za a riƙe, ɗaya a mayar, kuma tun da mu za mu yi aiki da shi, mu gwada mu zaɓa. Na farko ja ne, mai shan isansi, wato fetur, ana tura shi da hannu. Wuƙarsa na juyawa a ƙarƙashi, tana niƙe ciyawa ta watsar kamar an daddatsa alayyafo. Na biyu tsoho ne, bijimin sa ke jansa, yana da doguwar wuƙa mai haƙora a gefe. Shi kwantar da ciyawa yake yi da tsawonta, layi-layi, kamar an shimfiɗa tabarma.

Tun ranar gwaji na gane abin da ke tafe. Abin da jan injin ya bari ba ya ɗauruwa. In aka zaɓe shi, babu abin da zai sake kawo jakuna filinmu.

Muka zauna gindin bishiyar bedi don shawara. Shugabanmu, dattijon da muke kira Baba, ya ce kowa ya faɗi nasa. Na miƙe na yi ta zuba: isansi na da wuyar samu, ƙarar za ta hana majinyata barci, ga tumakin mutane da za su rame.

Taubashina, wanda muke aiki tare, ya kwashe da dariya. "Ku ji shi! Kai da ko kaza ba ka da, yaushe ka zama uban tumaki?"

"Tausai ne," in ji ni.

"Tausan tunkiya mai wushirya ko?"

Kowa ya fashe, har Baba sai da ya rufe baki da hula. Da aka natsu ya ce injin da sa ke ja yana buƙatar mai kiwo, ba ya shiga tsakanin gidaje, kuma dole a bi bayansa ana kwasa. Bayansa ya gaji, in ji shi. Gaskiya ce ya faɗa. Aka ɗaga hannu, jan inji ya ci, hannuna kaɗai ya rage a cinya.

Aiki ya yi sauƙi ƙwarai. Kafin azahar mun gama, fili sumul, ga ƙanshin ɗanyar ciyawa gauraye da hayaƙi, wanda har yau in na shaƙa sai na tuna wannan damina. 'Yan matan sun zo sau ɗaya, suka dudduba, suka juya da jakuna wayam. Ba su ƙara dawowa ba. Nakan zauna gindin bedi da la'asar ina kallon tudu, ba ni da aikin yi.

Wata rana Baba ya tarar da ni a nan. Ya jefo min tsohon laujensa.

"Yaro, gefen rahi inji ba ya zuwa. Harkiya ta cika wurin. Ƙahwarka ta karye ne?"

Na yanki dami babba, na ɗora a ka, na hau tudu. Yara suka nuna min gidan. Ubanta na zaune a ƙofa yana tufkar igiya, ita kuma tana leƙe ta kan danga.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya dubi damin, ya dube ni.

"Tumaki sun gode, ɗana. Kai kuma mi kaka so?"

Daga bayan danga na ji ta ce, "Baba, bai san komi ba sai sannu da zuwa."

Dattijon ya matsa, ya ba ni gefen tabarma. "To, zamna ka koyi saura."