Yadda Muka Loda Shanunmu da Shiga Ɗaya

Ko tsufa ya ci ni, ba na jin zan manta ranar da na fara raka shanun mahaifina daga Daura zuwa tashar jirgin ƙasa ta Kano. Ciwon ƙafa ne ya kwantar da shi, ya ce in tafi a madadinsa, mu loda su zuwa Kudu.

Da muka isa, muka tarar da fatake daga Zango da Babban Mutum, kowa ya ja tunga da garkensa, ana ta surutu. Taragwannin suna can kan babban layi, wurin lodin dabbobi kuwa yana kan wani ɗan reshe a gefe. Sai ƙaramin kan jirgi ya jawo tarago ya kawo, kuma wannan jan kuɗinsa daban ne da kuɗin tafiya. Wani dattijo daga Zango, abokin mahaifina, ya rantse ba zai biya sau biyu ba. Rana tana dukan shanu, wata saniyarmu mai rauni har ta durƙusa.

Na shiga ofis na tambayi ma'aikacin, "Ranka ya daɗe, kuɗin nan a kan kowace saniya ne?"

Ya ce, "A'a. Duk shigar da kan jirgi ya yi cikin reshen nan, ita ake biya. Ku ne kowa ke son nasa lokacin."

Na fito ina shakkar yi wa fataken magana, don mutanen nan sun girme ni, kuma a kasuwa ba sa ga maciji da juna. Na durƙusa gaban dattijon na ce, "Baffa, in muka haɗa lodinmu, shiga ɗaya zai yi, mu raba kuɗin."

Ya kalle ni sama da ƙasa. Sai ya ce, "Wa zai fara lodi?"

Na ce, "Ku fara. Namu su zo ƙarshe."

Haka aka yi. Na ɗebo ruwa na shayar da saniyar, ta miƙe ta shiga da ƙafarta. Kafin la'asar an rufe ƙofofi.

Da na koma gida, ashe labari ya riga ni. Mahaifina ya kama hannuna ya daɗe bai saki ba. Tun daga ranar, in aka yanka mini kuɗi, kafin in yi fushi sai na tambayi aikin me ake biya.