Gayyar da Aka Yi wa Gonar Furofesa

Taubashina ya yi karatun icce har sai da iccen da kansa ya gaji. Ɗan kawuna ne, tare aka sa mu lakkol, wato makarantar boko, a ƙauyenmu na yankin Sarkin Hausa. Ni aka koro ni tun ban iya riƙe alli ba, na koma Tasawa sayar da atamfa. Shi kuwa ya zarce Yamai, daga can ya haye ƙasashen da ko gawo ɗaya babu, ya dawo da takardar shaidar ya san gawo. Yau furofesa ne a jami'a. Abin da yake koyarwa, in ka tace shi ka zubar da Faransancin, magana ɗaya ce: manomi, in ka zo sassabe kada ka aske gona ƙwal, ka bar tohon da ke fitowa daga kututture, ka rage masa rassa, ya girma tare da hatsinka.

Gonar gidansu ya mayar wurin gwaji. Shekara da shekaru yana lallashin kalgo da sabara da 'yan gawo kamar mai renon marayu. Kawu, mahaifinsa, bai taɓa hana shi ba, amma abin yana cin ransa. A wajen tsofaffinmu, gonar da aka bari da toho gonar raggo ce, kuma duk mai amalanken da ya wuce sai ya girgiza kai.

Wata bazara Furofesa ya aika wa Kawu cewa zai kawo ɗalibansa su ga gonar. Suka biyo ta Tasawa da motar jami'a suka ɗauke ni, don ni ba a dafa abincin baƙi a bayan idona. Tun daga kwalta har muka faɗa rairayi bakinsa bai rufe ba. Za su ga inuwa, za su ji kukan tsuntsaye, za su taɓa ƙasa mai laushi da hannunsu. Yadda ya zana gonar nan, sai da na fara tsoron kada zaki ya tare mu.

Muka iso muka tarar da gona fes. Tafin hannuna ya fi ta gashi. Da allura za ta faɗi a can ƙarshenta, daga nan za ka hango ta. Ga toka tuli-tuli, hayaƙi bai gama mutuwa ba. A bakin gona kuwa ga Kawu cikin rigarsa ta Idi, ga dattawa, ga samari rataye da gatura, har da makaɗin gangar noma.

Ashe da saƙon ya iso, Kawu ya ce ba za a yi wannan abin kunya yana raye ba, manyan baƙi su zo daga birni su ga gonar ɗansa cikin datti. Ya kira gayya, ya yanka bunsuru, mata suka dama fura, samari suka yi wa aikin shekaru wankan tsarki kafin azahar.

"Mushe," in ji Kawu, don haka duk ƙauyen ke kiran Furofesa, wato malamin boko a bakin Faransa, "ka ga abin da 'yan'uwanka sunka yi maka. Yau dai an fidda mu kunya."

Na matsa kusa da kunnen Furofesa na tambaye shi ina tsuntsayen, ko su ma sun tafi Yamai karatu. Ya take mini ƙafa, bai ko dube ni ba.

Ɗalibai sun zaro bik ɗin rubutu suna jira, dattawa sun gyara tsayuwa suna jiran godiya. In ya yi faɗa, ya tozarta ubansa a gaban gari. In ya yaba, ya ƙaryata duk abin da ya taɓa faɗa a aji. Na ga zufa tana zubo masa har cikin takalmi.

Sai ya durƙusa gaban tsohon ya yi godiya, doguwa, har makaɗi ya taya shi. Da ya miƙe ya tone gindin wani kututture, ya nuna wa ɗalibai saiwar tana nan da ranta. Sannan ya juya.

"Baba, alfarma ɗaya ta rage. Yaran nan baƙinka ne. Kowannensu zai zaɓi kututture ya zama nasa, duk abin da ya tsiro a kai amana ce a hannunka har su dawo."

Kawu ya shafa gemu, ya ce kayan baƙo ai ko gobara ta tashi shi ake fara fiddawa. Ɗalibai suka watsu cikin gona, wata mai tabarau a kan gaba, suna ɗaura wa kututtura tsumma.

Damina na sauka toho ya fashe ko'ina. Kawu ya kwashi tabarma da sanda ya tare a gonar. Awakin ƙauyen, har waɗanda ba a haifa ba, sun san kada su bi ta nan.

Da shekara ta zagayo, Furofesa ya zo da addarsa, ina biye, zai rage rassan wani ɗan gawo. Kawu ya gitta masa sanda.

"Wanga na yarinyar nan ne mai tabarau. Ka zo da izininta?"

Haka mai digiri jibgi ya tattare rigarsa ya hau tudun rairayi neman rezon waya, yana kiran ɗalibarsa ta yi masa izinin taɓa icce a gonar ubansa. Ba ta ɗauka ba sai bayan la'asar, mu kuwa muna zaune muna jira, ni da Kawu da addar.