Karin da na rasa a littafi, na tsinta a turmi

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a kwaleji, na ɗauki waƙoƙin marigayi mahaifina don aikin kammala karatu. Duk Ɗanzomo an san shi da waƙar wa'azi, ni kuwa ina ta hura hanci, ɗan malam zai yi nazarin malam.

Amsa-amo bai ba ni wahala ba, kowane baiti da "na" yake ƙarewa. Amshin ma na ƙirga sau nawa ya dawo. Kari ne ya kayar da ni. Na yanka gaɓoɓi, doguwa da gajera, na gwada su da duk ma'aunin da aka koya mana, ko ɗaya bai hau ba. Malamina a kwalejinmu ta Gumel ya tura mini takardun ya ce, "Ko kai ka kwafa ba daidai ba, ko mahaifinka bai iya awo ba. Ka warware, in ba haka ba sai baɗi."

Maganar ta yi mini ciwo. Na koma gida na zauna a tsakar gida ina rera baitin ina ƙirga da yatsu, mahaifiyata tana surfen gero.

"Kai ɗan nan, kana kashe waƙar," in ji ta. "Ba haka take tafiya ba."

Ta rera. Duk inda taɓarya ta sauka, nan kari ya faɗa, cif. Ta kai ƙarshen abin da ke takardata, ta wuce, baiti bayan baiti waɗanda ban taɓa ji ba.

"Inna, waɗannan fa?"

"Su ne Malam bai kai ga rubutawa ba. Ai ni nake yi a bakin turmi, shi ya ɗauka da alƙalami."

Wallahi sai da biro ya faɗi daga hannuna. Na ce to me ya sa sunansa ne a ƙarshen waƙoƙin?

"Ya so ya sa nawa, na ce a'a. Wa zai zauna a ƙofar masallaci ya saurari wa'azin mai daka?"

Na ci jarrabawa, da izininta na rubuta gaskiya. Amma har yau kunya ba ta sake ni ba. Na je Maigatari, na je Gagarawa neman waɗanda suka san waƙoƙin, ban taɓa tambayar wadda take zuba mini tuwo ba.