Kawu Isa da Jatan Landen Tanut

Duk wanda ya taɓa shiga gidanmu a Tanut da hantsi ya san inda zai tarar da Kawu Isa. Ba a ƙofar gida cikin tsofaffi ba. Yana ɗakinsa, durƙushe gaban wani akwatin gilas cike da ruwa, ya ɗaga sirinji marar allura yana dubawa a hasken taga, ido ɗaya a rufe. In ka yi sallama da hanci zai amsa, kada hannunsa ya motsa. Sai ya ɗiga abin da zai ɗiga, sannan ya juyo ya ce, "A ɗiga rabi, sannan a jira."

Yayan mamata ne, kuma da yake sunan mahaifiyarsu aka sa mini, "Uwata" yake kirana. Ya daɗe yana tuƙa babbar mota tsakanin Kwatano da Agadas. Abokansa da suka ajiye tuƙi, wani ya sayi awaki, wani ya buɗe shago. Shi kuwa ya dawo da akwatin gilas, da ciyawar ruwa, da jatan lande jajaye, kowanne bai fi ƙwayar gyaɗa ba. A Tanut fa! Garin da muke jera bido, wato jarkoki, a bakin famfo muna jiran ruwa.

Buri ɗaya gare shi. "Waɗannan duk baƙi ne, Uwata," yake cewa. "So nake in ga haifaffun ƙasarmu Damargu." Amma kowace bazara zafi sai ya kashe wasu, ya aika wa direbobi su kawo sabbi. Ba su taɓa haihuwa ba.

Kwalabe biyu yake da su a kan taga. Ɗaya takin ciyawar ce, ɗaya kuma ruwan karbon, wanda ke sa ciyawa ta yi kore amma in ya yi yawa ya kashe jatan lande. Idonsa ya yi rauni, ni kuwa ina lakwal, makarantar boko, don haka ni ke karanta masa Faransancin jikin kwalba. A aji ba na iya ɗaga murya, amma a ɗakin Kawu babu mai yi mini dariya sai shi.

"Me ta ce?"

"Ta ce cikin murfi, Kawu."

"Wanda ya rubuta, ya taɓa kwana a Tanut?"

"Ban sani ba."

"Bai taɓa ba. Rabi."

Bayan ya ɗiga sai mu zauna mu yi kallo. Shi ya koya mini cewa in suna tsintar abinci da ƙananan hannuwansu, lafiya lau. In kuwa suka kama zagaye ko suka taru a saman ruwa, a daina komai, a canza ruwa kaɗan.

Wannan rabin nasa har ya bi mu cikin gida. Sukarin shayi rabi. Labarin rediyo ma rabi yake yarda da shi. Ranar da na zo ta ɗaya a aji na kawo masa sakamako, ya juya takardar, ya ce, "Madalla rabi. Sauran sai ƙarshen shekara."

Wata ranar kasuwa abokinsa Malam Hasan, manomin gero daga Falanko, ya zo da ƙulli a bakin rawani. Ya leƙa gilas, ya girgiza kai.

"Isa, gonar nan taka yunwa take ji. Ka ga ganye ya yi rawaya? Kai da rowa, har ciyawa!"

Ya kwance ƙullin, takin zamani ne irin na gero, ya miƙa hannu zai watsa. Wallahi ban taɓa ganin tsoho ya yi tsalle irin na ranar ba. Kawu ya cafke hannunsa a sama.

"Hasan! Gonarka akwai masu numfashi a cikinta?"

"Sai gara."

"To tawa da mutane a ciki!"

Malam Hasan ya ƙara leƙawa, ya ce, "Au, farar ruwan nan? In sun yi ƙiba ka kira ni, ina da yaji." Kawu ya ɗaure fuska har suka shanye shayi. Takin kuwa ya karɓa da godiya, ya zuba wa zogalen matarsa, Tanti Zuwaira. Shi ma rabi.

Akwai lokacin da gansakuka ta rufe gilas, wani direba ya kawo masa maganinta daga Kwatano, kwalba mai kyau da hoton kifi. Ina karantawa na tsaya, don na ga akwai jan ƙarfe a ciki, kuma Kawu ya sha gaya mini jan ƙarfe guba ne ga jatan lande. Ya ɗauki kwalbar da bakin riga kamar kunama, ya kai ta zaure. Daga ranar duk abin da ke ƙyalli ja ya zama abin zargi. Tanti ta shigo da buta, ya tare ta a ƙofa.

"Cire munduwar nan tukuna."

"Malam, tun aurenmu take hannuna, ba ta kashe ka ba!"

"Ni ai na saba, Zuwaira. Su baƙi ne."

Gansakukar kuwa da tsumma ya yi ta goge ta.

Babban rikicinsu dai a kan sauro ne. Kawu ya hana fesa maganin sauro a ɗakinsa, ya hana kunna turarensa ko a kusa da taga. In bazara ta shigo kuma, sai ya daina ɗiga karbon gaba ɗaya, ya ce ruwan zafi ba ya riƙe iska, ba za a ƙara musu nauyi ba. Ya naɗe akwatin da jiƙaƙƙen buhu kamar randa, ya juya 'yar fankarsa ta sola tana fifita ruwa, shi yana gefe zufa na tsiyaya daga gemunsa. Tanti ta tsaya a ƙofa ta kama ƙugu.

"Da na sani da jatan lande na zo duniya."

"Da na ɗiga miki taki kullum," in ji shi.

"Rabi ko?"

"Sannan a jira."

Da sanyin bana ne na lura da wata mace cikin jatan landen a ƙarƙashin ganye, cikinta ɗauke da ƙwai rawaya kamar tsabar gero, tana kaɗa musu ƙafafu. Lokacin Kawu ya riga ya kwanta ciwo. Na ja tabarmarsa kusa da gilas. Ya daɗe yana dubawa, na san ba ya gani sosai.

"Kin tabbata, Uwata?"

"Na tabbata, Kawu."

"To kada ki ƙara komai, kada ki rage. Murna ma rabi."

Bai kai ga ƙyanƙyasar ba.

Da aka cika gida don zaman makoki, aka ce mata baƙi su kwana a ɗakinsa. Gab da magariba sai ga Inna Hajara, babbar yayarsu da ta zo daga Belbeji, da gwangwanin maganin sauro tana girgizawa. Inna Hajara fa ko mamata ba ta musu da ita. Ni da ban taɓa kallon idonta ba, na ji ƙafafuna sun kai ni bakin ƙofa.

"Matsa, 'yar nan."

"Inna, don Allah kada ki fesa." Na tare ƙofar da hannuwana. "Akwai mai ciki a ɗakin."

Mata suka kalli juna, kowa na neman ko wace ce. Na nuna gilas. Inna Hajara ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai Tanti Zuwaira ta fashe da dariya, hawaye na bin fuskarta.

"Bar ta, Yaya. Ni sauron ɗakin nan ya ci ni shekara da shekaru. Ku ma ku ɗanɗana."

Aka aro gidajen sauro daga maƙwabta.

Kowace safiya kafin lakwal nakan wanke hannu ba sabulu, in ɗaga sirinji a hasken taga. Wata safiya na ga wani abu kamar yankan farce yana motsi a kan ganye. Sai wani, sai wani. Ba su ma yi ja ba tukuna, ana ganin koren ganye ta cikin jikinsu. Na kira Tanti. Ta zo da gudu, ta tsaya a ƙofa, ta zare munduwarta ta ajiye a ƙasa, sannan ta shigo.

Kawu, ga haifaffun Damargu nan, suna tsintar abinci da hannuwansu. Allah ya jiƙanka, ya sanyaya makwancinka kamar yadda ka sanyaya musu ruwa. Ya Allah, rahamar da za ka yi masa, ka yi masa ita cikakkiya, ba rabi ba, kuma ba jira.