Goro Dubu da Tara

Duk lokacin da na ratsa layin masu goro a kasuwar Wadata, ƙanshin jiƙaƙƙen ganyen nan ya bugi hancina, sai raina ya ɓaci. Gwaggona nake tunawa.

A gidanmu na Yamai, ita ce mai rabon goro. Ƙanwar mahaifina ce, mijinta ya rasu, ba ta da ɗa, wannan aikin ne ya ba ta wurin zama a cikin dangi. Ko biki ko suna, za ta shimfiɗa tabarma ta kasa goro gida-gida, kashi daidai da kashi. A wurinmu, fifita wani gida ko da ƙwaya ɗaya abin faɗa ne.

Ranar sunan ɗan baffana, babban wansu, an sayo ƙwarya goma, wato dubu cif, mai goro ya yi gyara da tara. Damina ce, muna tsakar gida ana kallon hadari. Gwaggo ta kasa gida bakwai, ƙwaya ɗaya ta yi saura. Ta tattara, ta sa gidan liman, ta kasa takwas. Ɗaya ta yi saura. Ta ƙara da maƙwabta, tara. Ɗayar nan dai tana tsakiyar tabarma.

Baffa ya tsaya a kanta. "Goro mai yawa haka ba ya ƙin rabuwa. In zagayen ƙarshe bai cika ba, wani ya rage shi. Tashi ki kakkaɓe zanenki."

"Yaya, ni?" Abin da ta ce ke nan.

Ta tashi ta kakkaɓe a gaban surukai da baƙi. Ba abin da ya faɗo. Kuma ka ji abin takaici: cikin manyan nan duka, ba wanda ya tsuguna ya ƙirga goron ya ga dubu da taransa na nan. Zargi ya fi musu sauƙi. Daga ranar aka ba wata rabon, Gwaggo ta koma Tondibia wurin wata ƙawarta, can ta rasu. Har yau ban yafe ba.

Bara 'yata tana bitar darasin lissafin da aka koya musu a lakkwal, ta ce akwai lambobin da ba sa rabuwa daidai sai da ɗaya ko da kansu, komai girmansu. Na ce ta duba mini dubu da tara. Ta danna talho, wato wayarta, kafin in gyara zama ta ce, "Inna, tana cikinsu. Ko gida nawa ne sai an yi saura." Abin da ya kori mace daga gidan ubanta, yau yarinya ke warware shi da ɗan yatsa.

Washegari na tari taksi na je wurin Baffa. Ya tsufa, yana kwance a zaure. Na gaishe shi, na yi masa bayani dalla-dalla. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya dube ni ya ce, "Wane goro?"