Kainuwar Ulu a Baturiya

Muna sallame sallar asuba muka bar Haɗeja, ni da autata, malamar lissafi a makarantar 'yan mata. A jakarta akwai wata saƙa ta koren ulu da ta yi wata biyu tana yi da kwarashi. Duk sarƙa uku sai ta ƙara ɗaya, har bakin saƙar ya nannaɗe ya ƙi kwanciya. Matan gida suka ce aiki ya lalace. Ni ma na bi bayansu, domin wanda ya tashi da alƙalami da tawada miƙaƙƙen layi ya sani. Har danne ta na yi da littattafai kwana biyu, ina ɗagawa ta koma yadda take. Ranar Litinin za ta kai wa ɗalibanta, amma dariya ta ishe ta, ta ce warwarewa za ta yi. Roƙonta ɗaya, in fara raka ta dausayin Baturiya.

Mota ta bi da mu ta gefen gonakin shinkafa, kore shar iyakar gani. Inda kwalta ta ƙare muka hau babura, ina salati a kowane rami. A bakin ruwa muka karya da gasasshiyar tarwaɗa da yaji, sannan muka shiga kwale-kwalen wani dattijo masunci.

Ya ratsa da mu ta cikin ciyawar kacalla, belbelu suna tashi a gabanmu. Can autata ta ce ya tsaya. Ta nuna mini ganyen bado, shimfiɗe a kan ruwa kamar faifai. Sannan ta tsamo kainuwa, ta ɗora mini a hannu, ta ce, “Baba, kwantar da wannan.” Na danna gefe guda, ɗayan ya tashi. Na ƙara ƙarfi, ganyen ya yage.

Da ta fito da saƙar, masuncin ya ajiye gorar tuƙinsa ya karɓa. Ya jujjuya ta ya ce, “Ikon Allah! Malam, 'yarka ta saƙa kainuwa. Kada dai ta jefa a ruwa, wadda muke da ita ma ta ishe mu.” Muka yi dariya. Ta bayyana mana cewa idan gefe ya riga tsakiya girma, dole ya nemi wuri ya lanƙwashe. Lissafin ke nan, a ganye da ulu.

Bayan la'asar muka iso gida. Na ɗauko allo na gwada zana ganyen, na wanke sau uku, bai fito ba. Nan na gane ba duk abin da Allah Ya tsara ke kwanciya a kan allo ba. Ran Litinin ni na riƙe mata jakar, da saƙar a ciki, har ƙofar makaranta.