Hoton Inna a Gaban Rumbu

Jiya jikata ta miƙo mini wayarta in duba hoton da ta ɗauka. Sai na ga na rufe gefensa da tafin hannuna, yadda wani marigayi yake yi.

Tsoho ne mai shagon hoto a Sabon Gari, yatsunsa kullum suna warin ruwan wankin hoto. Ba ya kushe hoton kowa. Sai ya rufe rabinsa ya ce, "To, wa ka je gani?"

Shekarar da aka yi fari, zamanin soja, na ɗauki hoton Innata a Jiratawa gaban rumbunmu da ba ko zangarniya. Na kai masa ina taƙama.

"Rumbu ya fito sarai," in ji shi. "Amma ɗana, tsohuwa fa? Ga ta can kamar tsinke. Koma ka matsa kusa, rana a bayanka."

Na koma ina gunaguni, na sake ɗauka. Kafin damina Inna ta rasu. Hoto na biyun nan kaɗai ya riƙe mini fuskarta, har tsagen kumatunta. Ban taɓa yi masa godiya ba.

Allah ya haskaka kabarinsa, ya sada shi da waɗanda yake kewa.